Kifin ado a Amurka da Turai: ƴan mintunan da na'urar kula da akwatin kifi ke rufe ido

Duk mai dekodar Canal+ a gida ya san wannan rana. An zauna kallon ƙwallo ko labarai, sai allo ya rubuta «mise à jour», ga ɗan layi yana tafiya a hankali, ga gargaɗin kada a kashe na'urar. Yara na gunaguni, maigida na addu'ar kada a ɗauke wuta kafin layin ya cika. In abin ya lalace, asarar ba ta wuce wasan da aka rasa ba, ko kuɗin wata dekodar.

A Amurka, da Jamus, da Faransa, akwai mutanen da irin wannan saƙo ke sa gabansu faɗuwa fiye da haka. Su ne masu kiwon kifin ado da murjani a cikin falo, a akwatin gilashi mai cin lita ɗari biyu, ɗari biyar, wani ma fiye da dubu. Da yawansu sun danƙa ran abin da ke cikin ruwan ga wata ƙaramar na'ura da ba ta kai girman littafi ba. Ita ke kunna famfo, ita ke kashe abin ɗumama ruwa, ita ke aika saƙo a salula in wani abu ya tashi. Lokaci zuwa lokaci kamfanin da ya ƙera ta yakan fitar da sabuwar manhaja, ya ce a ɗora mata. A ƴan mintunan da ake wannan aiki, mai gadin kansa ba ya gani, ba ya ji.

Aikin da aka ɗora wa na'urar

Kifin teku da murjani ba kamar tarwaɗa ba ne, wadda ke iya kwana cikin taɓo ta wayi gari lafiya. Murjani dabba ne, ko da yake a ido kamar dutse ko reshen itace yake, kuma ya saba da teku inda ruwa ba ya canzawa farat ɗaya. Masu kiwonsa na riƙe zafin ruwa wajen digiri 25 zuwa 26, gishiri kimanin giram 35 a kowace lita kamar na teku, ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH kuma tsakanin 8 da 8,3. A teku ma, in zafi ya ɗara wanda aka saba da digiri ɗaya kacal har tsawon makonni, murjani yakan fara fari, daga nan sai mutuwa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne iska. Lita guda ta ruwan daɗi mai zafin digiri 25 ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 8 na iskar oksijin, alhali lita guda ta iskar da mutum ke shaƙa tana ɗauke da fiye da ninki talatin na hakan. Ruwan gishiri ya fi ƙaranci, da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk yadda ruwa ya ƙara zafi, haka iskar ke ƙara raguwa. Famfon da ke motsa saman ruwa shi ke shigar da sabuwar iska. In ya tsaya a akwatin da kifi ya yi yawa, cikin ƴan sa'o'i za a ga kifayen sun taso sama suna haki.

Na'urar kula da akwatin tana da sassa uku. Akwai sanduna da ake tsomawa cikin ruwa, masu auna zafi, da tsami, da gishiri, da tsayin ruwa. Akwai doguwar kafar wuta mai ramuka da yawa, inda ake jona famfuna, da fitilu, da abin ɗumama ruwa, da na sanyaya shi; kowane rami ana iya kunna shi ko kashe shi shi kaɗai. Sai ƙwaƙwalwar da ke tsakani, wadda ke karanta abin da sanduna suka auna, ta ba ramukan umurni: in zafi ya sauka ƙasa da kaza a kunna, in ya haura kaza a kashe. Fitattun cikin masu ƙera su akwai kamfanin Neptune Systems na jihar Kalifoniya mai na'urar Apex, da GHL na garin Kaiserslautern a Jamus mai ProfiLux. Akwai kuma masu haɗa tasu da hannu a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, da wata manhaja ta kyauta mai suna reef-pi. Ta kamfani takan ci ɗaruruwan dalar Amurka, amma sau da yawa abin da ke cikin ruwan ya ninka kuɗin na'urar, balle murjanin da mutum ya yi shekaru yana reno tun yana guntu kamar ɗan yatsa.

Manhajar da ke zaune a ciki

Abin da ake sabuntawa ba manhajar da ke cikin salular mai gida ba ce, wadda yake duba zafin ruwa da ita. Wata ce dabam da aka rubuta cikin ƙwaƙwalwar na'urar tun daga masana'anta, wadda Faransawa ke kira micrologiciel. Ita ce ke koya wa na'urar yadda za ta karanta sanda, yadda za ta ƙidaya lokaci, yadda za ta yi magana da intanet. In babu ita, abin da ke hannun mutum roba ce da waya kawai.

Wurin da aka ajiye ta irin ƙwaƙwalwar nan ce da ke cikin katin memori, wadda ba ta mantuwa in an kashe wuta. Tana da hali guda da ya kamata a sani: ba a rubuta sabo a kan tsoho, sai an share wurin tukuna. Ke nan akwai lokacin da tsohuwar manhaja ta tafi, sabuwar ba ta gama shiga ba. Kamar wanda ya rushe ɗakinsa don ya gina sabo a kan tushen. In hadari ya taso kafin a yi rufi, ba shi da tsoho ba shi da sabo. In wuta ta ɗauke ko waya ta tsinke a daidai nan, na'urar na iya ƙin tashi. Masu harkar na cewa ta zama bulo, domin amfaninta bai wuce na danne takarda ba.

Injiniyoyi sun daɗe da neman magani. Na farko shi ne wata ƴar ƙaramar manhaja da ba a cika taɓawa ba, wadda aikinta kawai ta tayar da na'urar, kuma ta karɓi sabuwar manhaja in ta tarar babbar ta lalace. Ta nan ake ceto yawancin na'urorin da suka mutu a tsakiyar aiki, galibi ta hanyar jona su da kwamfuta da waya. Na biyu shi ne raba ƙwaƙwalwar gida biyu: ana rubuta sabuwa a ɗaki ɗaya yayin da tsohuwa ke ci gaba da aiki a ɗayan, sai an tabbatar ta shiga daidai sannan a juya, in ta ƙi tashi a koma tsohuwa. Wayoyin Android sun fara samun wannan tsari a 2016, kuma ƙananan ƙwaƙwalen ESP32 da ke cikin kayan gida masu yawa suna da shi. Sai dai ba kowace na'ura ke da wannan gata ba, musamman tsofaffi. Shi ya sa ga tsofaffin samfurin Apex shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce a yi aikin ta wayar intanet ta ƙasa, kada a dogara da wifi, haka ma masu ProfiLux sun saba yin nasu da kwamfuta da wayar USB.

Me ramukan wuta ke yi in ƙwaƙwalwa ta yi shiru?

Nan ne ainihin maganar, kuma nan ne sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Ko aikin ya tafi lafiya lau, dole ƙwaƙwalwar ta kashe kanta ta sake tashi. A wannan tsakani kafar wutar na nan da wutarta, famfuna na jone, amma babu mai ba su umurni. Kowane rami sai ya bi abin da aka gaya masa tun da farko cewa ya yi in ya daina jin muryar ƙwaƙwalwa. A na'urar Apex layi guda ne ake rubutawa a tsarin kowane rami, kalmar Fallback, sai a bi ta da kunne ko kashe.

Layin ƙarami ne, amma a kansa ake asara. Babban famfon da ke zagaya ruwa ya kamata ya zauna a kunne, don kifi ya samu iska. Famfon da ke ƙara ruwan daɗi kuwa ya kamata ya zauna a kashe. Dalili: ruwan akwati na ƙafewa kullum amma gishiri ba ya tashi, don haka ake cike gurbin da ruwan da ba gishiri, kaɗan kaɗan. In wannan famfo ya kama aiki babu mai tsayar da shi, zai juye tankinsa duka, gishirin ruwa ya sauka, falo ya cika da ruwa. Haka ƙananan famfunan da ke ɗiga sinadarai don ƙashin murjani ya ginu. Abin da ake ba shi ɗigo ɗigo a wuni, in ya zuba gaba ɗaya ya zama guba.

Abin ɗumama ruwa shi ne ya fi rikitarwa. Lissafin mai sauƙi ne: sanda mai ƙarfin wat 300 a cikin lita 200 tana ƙara wa ruwa kusan digiri ɗaya a kowane minti 45 zuwa 50, in ba a cire zafin da ke fita ta gilashi ba. Minti goma ba komai ba ne. Amma in na'urar ta maƙale da ƙarfe goma na dare, mai gida ya tafi barci yana zaton komai ya kammala, kafin asuba ruwan na iya kai inda murjani ba ya rayuwa. Saboda haka gogaggun masu kiwo ba sa yarda da mai gadi ɗaya. Suna sayen sandar da ke da nata ma'aunin, su saita shi sama kaɗan da inda na'urar ke kashewa, ta yadda in ɗaya ya yi barci ɗayan zai tare. A garin da ake sanyi ƙwarai wasu na barin ramin a kunne saboda sun amince da ma'aunin sandar, wasu na barinsa a kashe saboda ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. Ana muhawara a kai, amma kowane ɓangare ya zauna ya yi tunanin abin kafin ranar ta zo.

To, in haɗari ne, me ya sa ake taɓa ta?

Akwai masu cewa abin da ke aiki a bar shi. Suna da hujja. A watan Agusta na 2017 kamfanin LockState na Amurka, mai ƙera makullan ƙofa masu aiki da intanet, ya aika wa wani samfurin makullinsa manhajar da aka yi don wani samfurin. Makullai kusan 500 suka daina karɓar lambar sirri, da yawa a gidajen da ake ba baƙi haya ta Airbnb, kuma ba a iya gyara su daga nesa ba. Masu gidajen ba su yi kuskuren komai ba; sun kwanta da makulli mai aiki, suka tashi da wanda sai an nemo ɗan mabuɗin ƙarfe. A ranar 19 ga Yuli 2024 kuma, wani sabon fayil da kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyon 8 da rabi a duniya, har jiragen sama suka kasa tashi.

Amma ƙin sabuntawa ma yana da nasa kuɗin. Manhaja mutane ne ke rubuta ta, kuma akan gano kurakurai bayan an sayar da kaya: agogon da ke ɓacewa, wifi mai yankewa, saƙon gargaɗin da ba ya fita. Sabon sashe da aka sayo, misali injin auna sinadaran ruwa, sau da yawa ba ya magana da tsohuwar manhaja. Sannan ga ɓarayin intanet. A 2017 kamfanin Darktrace na Ingila ya ba da labarin wani gidan caca a Arewacin Amurka da aka shiga kwamfutocinsa ta akwatin kifin ado da ke harabarsa. Akwatin na da na'urorin auna zafi da gishiri da ba da abinci, duk a jone da intanet, ta nan aka fitar da bayanai kimanin gigabait 10 zuwa wata na'ura a ƙasar Finlan. Duk abin da ke jone da intanet ƙofa ne, ko da na kifi ne, kuma sabuwar manhaja na daga hanyoyin toshe ramukan da aka gano.

Hukumomi ma sun shiga maganar. Tun 29 ga Afrilu 2024 dokar Ingila ta hana sayar da kayan gida masu intanet da lambar sirri iri ɗaya mai sauƙin zato, ta kuma tilasta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa fitar da gyara. Tarayyar Turai ta yi tata dokar da ta fara aiki a Disamba 2024, wadda manyan sharuɗanta za su hau kan kamfanoni a ƙarshen 2027, kuma a mafi yawan kaya tana neman a kula da su aƙalla shekaru biyar.

Tsakanin ɓangarorin biyu, abin da ya fi kama hankali shi ne na masu jira kaɗan. Suna karanta takardar da kamfani ya fitar tare da sabuwar manhajar, su ga me ta gyara. In maganar tsaro ce ko wata matsala da suke fama da ita, sai su yi. In sabon launin allo ne kawai, sai su bar masu gaggawa su fara ɗanɗanawa, su saurari labari mako ɗaya ko biyu.

Ranar aikin

Zaɓen lokaci ya fi komai. Ba a yin sa da dare, ba a yin sa ana shirin tafiya, ba a yin sa daga ofis ta salula don kawai maɓallin ya bayyana. Safiyar ranar da mutum zai wuni a gida ita ce daidai, kuma ranar da ofishin kamfanin ke buɗe, don a samu mai amsa kira in an maƙale.

Kafin a danna komai, ana adana tsarin na'urar a kwamfuta, wato duk umurnin da aka rubuta wa kowane rami. Wasu na ƙarawa da ɗaukar hoton kowane shafi, saboda fayil ɗin da tsohuwar manhaja ta adana ba lallai sabuwa ta karanta shi daidai ba. Wanda ya yi shekara uku yana gyara lokutan fitila da ɗigon sinadarai ba zai iya tuno su da ka ba. Daga nan sai a zare duk abin da zai yi ɓarna in ya kama aiki shi kaɗai, a mai da babban famfo kai tsaye a bango, a ajiye ma'aunin zafi na hannu a gefe. Ita na'urar da akwatin intanet ɗin gidan a jona su da onduleur, ɗan akwatin batir ɗin nan da ake sa wa kwamfutocin ofis. A duba sunan samfurin da ke jikin na'urar, a tabbatar fayil ɗin nata ne.

Sai haƙuri. Layin na iya tsayawa wuri ɗaya kamar ya mutu, fitilar na'urar ta canza launi, ramuka su yi ƙas ƙas. Hannun da ya kai ga zare waya a wannan lokaci shi ke jawo yawancin asarar da ake ɗora wa kamfani.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai ga inda abin ya shafe shi ko bai taɓa ganin murjani ba. Injin juya wutar rana da ke manne a bangon gidaje da shaguna, akwatin wifi, talabijin na zamani, salula, duk da irin wannan manhaja suke aiki, kuma duk suna neman a sabunta su. Bambancin shi ne wanda ya rubuta takardar bayani a Kalifoniya yana ɗaukar cewa wuta ba ta yankewa. Wanda ya ga watannin da suka biyo bayan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin wutar da ke shigowa Nijar, ko kuma ya san yadda ake ɗauke wuta a bazara, ba zai fara irin wannan aiki ba sai batir a cike yake. Ga ƴan kaɗan da ke da akwatin kifi a otel ko a gida a Yamai kuwa, matsalar juyawa take yi: a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, abin tsoro shi ne na'urar sanyaya ruwa ta tsaya. Kuma kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka na volt 120 ne, wutar nan 220 ce, don haka wanda ɗan'uwa ya aiko masa da kafar wuta daga can ya duba rubutun jikinta kafin ya jona.

Bayan na'urar ta tashi aiki bai ƙare ba. Ƙananan sassan da ke jone da ita, har da ita kafar wutar, kowanne na da tasa manhajar, kuma ana bi da su ɗaya bayan ɗaya bayan an gama da uwar. A Apex akwai shafin da ke nuna wanda ya tsufa. Sai a duba agogo, domin in ya koma wata sa'a fitilu za su haska da tsakar dare. A gwada zafin da sanda ke nunawa da na ma'aunin hannu. In lambar pH ta yi tsalle ba dalili, a sake daidaita sandar da ruwan gwaji mai lamba 7 da mai lamba 10. A mai da kayan da aka zare ɗaya bayan ɗaya, ana kallon kowanne ya kunna ya kashe.

Gwajin da aka fi mantawa shi ne na ƙararrawa. Ana sauke iyakar zafi da gangan zuwa ƙasa da na ruwan, a jira a ga ko saƙo zai shigo salula, sannan a mai da ita yadda take. Na'urar da ke nuna komai kore a allo amma ta daina aika saƙo ba za a gane ta ba sai ranar da ake bukatarta. Da yawa daga masu kiwon kan leƙa akwatin sau ɗaya ko biyu a daren farko da tocila, su sa hannu a gilashi su ji zafinsa, su duba ko saman ruwa na motsi.